Koyon zanen fuska ta hanyar kwafar aikin gwanaye: daga ina ake farawa?

Ɗalibin_Zane:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina iya zana fuska da fensir daidai gwargwado, yanzu kuma ina so in koma fentin mai. An ba ni shawarar in ɗauki aikin wani gwani na da in kwafa, wai ta haka hannu yake faɗawa. To ga inda abin yake ƙi mini. Na farko, kamanni ba sa fitowa: ido daidai, hanci daidai, baki daidai, amma da an haɗa sai ka ga wani mutum daban. Na biyu, launin fata, musamman baƙar fata, ko dai ya yi laka ko ya yi fari-fari ya koɗe. Sannan ban san wane aiki ne ya dace da mai farawa ba, kuma a waya zan riƙa kallo ko bugawa zan yi? Don Allah a taimaka da bayani filla-filla, kayan aiki da yadda ake bi da abin da ke jawo waɗannan matsaloli. Allah ya saka da alheri.

Malam_Mai_Burushi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, kuma tsohuwar hanya ce. John Singer Sargent, wanda ake ji da shi wajen zanen fuska, ya je Madrid a 1879 ya zauna a gidan adana zane na Prado yana kwafar ayyukan Diego Velázquez. Amma ka gane abin da ake nema tun farko. Ba hoto na biyu ake so a samu ba. Ana so ka gano shawarwarin da gwanin ya yanke: me ya fara sawa, me ya bari bai taɓa ba, ina ya matsa fenti, ina ya sassauta. Wanda ya kwafi saman hoto kawai, ɗigo bayan ɗigo, zai iya ƙarewa da abu mai kama da na asali bai koyi komai ba.

Tunda baƙar fata ce ke ba ka wuya, ka ɗauki hoton Juan de Pareja wanda Velázquez ya zana a birnin Rum a 1650. Pareja mutum ne mai duhun fata daga kudancin Sifaniya, bawa ne a hannun Velázquez yana taya shi aiki, a shekarar ce kuma aka sa hannu a takardar 'yanta shi, daga baya ya zama mai zane mai zaman kansa. Hoton yana gidan adana kayan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok, kuma tun 2017 gidan ya saki hotunan tsofaffin ayyukansa masu tsabta kowa ya sauke kyauta. Daga shafinsu za ka sauke, kada ka ɗauki wanda ya sha yawo a Facebook ko WhatsApp, an matse shi launinsa ya lalace.

Dalilin da ya sa ya dace da mai farawa: fuska ɗaya ce, bango fili ne mai ruwan toka da ɗan kore-kore, launukan ba su da yawa, kuma ana ganin shafin burushi a fili. Ka guji duk aikin da aka goge fentinsa ya yi sumul har ba a ganin sawun burushi, don ba zai nuna maka yadda aka yi shi ba.

Asalin hoton santimita 81.3 ne a tsaye, 69.9 a kwance. Kada ka kwafe shi duka. Yanki kai da farar kwalar wuya da ɗan kafaɗa ya ishe ka. Allo mai santimita 30 da 40 ya yi, kan kuma ya kai santimita 18 zuwa 20 daga haɓa zuwa saman gashi. In ya gaza haka, ido zai yi ƙanƙantar da sai da ƙaramin burushi za ka iya taɓa shi, daga nan ka koma zanen fensir da fenti.

Maganar waya ko bugawa: ka buga a takarda A3, kofi biyu, ɗaya mai launi ɗaya baƙi da fari, kuma girman kan da ke takarda ya zama daidai da wanda za ka zana. Fuskar waya haske take fitarwa, fenti kuwa haske yake karɓa ya mayar, saboda haka farin waya ya fi duk wani farin fenti, kana binsa za ka yi ta ƙara fari har fatar ta koɗe. Wayar ka ajiye ta don zuƙo wani sashe ka ga yadda burushi ya bi, ka kuma rage haskenta zuwa rabi. Takardar ka manna ta a gefen allonka, tsayi ɗaya, haske ɗaya ya sauka a kansu.

Shirya allo. Filawud ko katakon MDF mai kaurin milimita 6 ya fi yadin kanbas sauƙi da araha. Goge shi da samfefa mai laushi, ka shafa jeson akirilik, wato farin shafin share fage da ake yi wa allo kafin fenti, sau uku, kowane shafi ka sirka shi da ruwa kaɗan, kashi ɗaya na ruwa cikin huɗu ko biyar na jeso. Shafi na farko a tsaye, na biyu a kwance, na uku a tsaye, awa guda tsakaninsu. Bayan allon ma ka yi masa shafi ɗaya, in ba haka ba zai lanƙwashe. Ka bar shi ya kwana aƙalla.

Kada ka fara a kan fari. Ɗauki omba ƙonanniya, wato fenti ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan fari, ka tsinka da tafentin, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ya yi ruwa-ruwa kamar shayin da ba madara, ka shafe allon duka, ka bi da tsumma ka goge har ya tsaya tsaka-tsaki, ba duhu ba haske. Kwana ɗaya zuwa biyu ya bushe. A kan farin allo duk launin da ka sa yana yi maka kamar ya yi duhu da yawa, sai ka riƙa haskaka shi ba dalili. Wannan yana cikin abin da ke koɗar maka da fata.

Yanzu kamanni. Abin da ka faɗa, ido daidai hanci daidai amma mutumin daban, sananniyar matsala ce, kuma dalilinta ɗaya ne: kamanni ba a cikin ido ko hanci suke ba, a tazarar da ke tsakaninsu suke, da siffar ƙoƙon kai gaba ɗaya. Milimita 2 a tazarar hanci da leɓe kan iya canza mutum. Saboda haka ka fara daga waje ka shigo ciki. Sa alama huɗu: saman gashi, ƙasan gemu, iyakar hagu, iyakar dama. Haɗa su da miƙaƙƙun layuka, kada ka lanƙwasa komai tukuna. Sai layin tsakiyar fuska. Pareja ba gaba-da-gaba yake ba, ya ɗan juya, don haka layin ba a tsakiyar kai yake ba, kuma ɓangaren fuskar da ya yi nisa da kai ya fi na kusa matsewa. Masu farawa kusan kullum sukan faɗaɗa ɓangaren nesa, hannu yana so ya daidaita fuskar, sai juyawar kan ta ɓace. Bayan haka layin gira, layin ƙasan hanci, layin tsagar baki, dukkansu karkata ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta ɗora wannan a allo ita ce raba hoton gida-gida, murabba'i mai santimita 4, a takardar baƙi da fari da kuma allon. Yi amfani da gawayi siriri, ba fensir mai kauri ba, don baƙin fensir yakan dame da fenti, yakan kuma leƙo ta ƙarƙashin shafi marar kauri. In ka gamsu, bi layukan da omba tsinkakkiya, ka kaɗe gawayin.

Kafin launi, ka yi hoton duka da omba da fari kawai. Haɗa matakai biyar a kan allon haɗa fenti, daga mafi duhu zuwa mafi haske. Ƙanƙance idonka ka dubi takardar baƙi da fari har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage manyan siffofi. Fara raba fuskar biyu, inda haske ya sauka da inda inuwa take, ka cike inuwar da mataki ɗaya. Ƙa'idar da za ka riƙe: wuri mafi haske a cikin inuwa bai kai wuri mafi duhu a cikin haske haske ba. Da ka karya wannan, fuskar ta baje. A wannan hoton abin da ya fi komai fari kwalar wuya ce. Ƙyallin goshi bai kai ta ba, farin ido kuwa ko kusa. Ka auna komai da kwalar.

In wannan mataki bai yi kama da Pareja ba, kada ka sa launi da fatan zai gyara. Tun ran gini ran zane. Kankare da wuƙa ka sake.

Hajiya_Launi:

Malam ya gama da gini, bari in ɗora da launi, don nan ne laka take fitowa.

Ɗana, kwalbar fenti biyar zuwa shida ta ishe ka wannan aiki. Sunaye sukan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka duba lambar sinadarin da ke jikin bututun: farin taitaniyam PW6, oka wato ɗorawa mai ƙasa-ƙasa PY43 ko PY42, jan ƙasa PR101, siyena ƙonanniya wato ruwan ƙasa mai ja-ja da omba ƙonanniya waɗanda galibi PBr7 ne dukkansu, sai baƙin ƙashi PBk9. Ba ka buƙatar shuɗi ko kore. Baƙin ƙashi da fari suna ba da toka mai shuɗi-shuɗi, baƙin ƙashi da oka suna ba da kore irin na zaitun, kuma da waɗannan za ka sami bangon hoton da rigar. Anders Zorn na ƙasar Suwidin ya shahara da yin fuskoki da launi huɗu kacal, fari da oka da ja da baƙi. Ƙarancin launi taimako ne ga mai koyo, don duk abin da ya haɗa dangin juna ne.

Kuskuren da ya fi yawa a baƙar fata shi ne a ɗauki ruwan ƙasa ɗaya, a sa masa baƙi don inuwa, a sa masa fari don haske. Fari yana sanyaya launi ya kashe masa ƙarfi, baƙi ma haka, sai fuskar ta zama toka daga sama har ƙasa. Zuƙo fuskar Pareja ka gani: akwai ja a kumatu da hanci da leɓe, akwai ɗorawa-ɗorawa a goshi, akwai toka mai sanyi wajen gemu da inda fata ke ƙyalli. Launi yana canzawa duk inda fuska ta juya.

Ka haɗa tuli huɗu da wuƙa kafin ka taɓa allo, kowanne ya kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ko uku. Wannan awo na farawa ne, sai ka gyara da ido:

Inuwa: omba kashi 3, jan ƙasa kashi 1, ɗigon baƙi. Babu fari ko kaɗan.
Tsakiya: siyena kashi 3, oka kashi 1, omba kashi 1.
Haske: oka kashi 2, siyena kashi 2, fari kashi 1, ɗigon jan ƙasa.
Ƙyalli: ɗauki kaɗan daga tulin haske ka ƙara masa tokar fari da baƙi.

Duk lokacin da ka ƙara fari, ka bi shi da ɗan oka ko ja don ka mayar da ɗumin da ya cinye. Wannan kaɗai yana maganin koɗewar da ka yi kuka da ita. Gwada kowane haɗi: ɗebo shi a bakin wuƙa, ka kara a jikin takardar mai launi daidai wurin da kake nufi, ko ka rufe takardar da leda mai haske ka ɗiga a kai. Tambaya uku a jere: ya fi duhu ko haske? Ya fi ɗumi ko sanyi? Ya fi ƙarfi ko rauni? Ta farkon ta fi sauran muhimmanci. Launin da ya ɗan kauce amma duhunsa daidai zai zauna, wanda ya yi daidai amma duhunsa ya kauce ba zai taɓa zama ba.

Laka kuwa abu huɗu ke kawo ta. Fari ya shiga inuwa. Burushi ɗaya ya yi aikin haske da na duhu. An haɗa launi fiye da uku ko huɗu a tuli ɗaya. Ko kuma, wanda ya fi yawa, an yi ta murza fenti a kan allo ana neman ya yi sumul. Ware burushi biyu na inuwa, biyu na haske, kada su gauraya. Ka sa shafi, ka ɗaga hannu. In bai yi ba, kankare shi ka sake haɗawa, kada ka gyara shi da murza. Inda shafi biyu suka haɗu suna neman sajewa, haɗa launi na uku da ke tsakaninsu ka ɗora a mahaɗar. Inuwa ta zama siririya har ƙasan allo yana ɗan leƙowa, haske ya zama mai kauri. Haka Velázquez ya yi, kuma za ka gani a kwalar, inda 'yan shafe-shafen farin fenti suka tsaya a madadin leshi, bai zana zare ko ɗaya ba.

Burushi: masu faɗi masu taurin gashi lamba 8 da 6 da 4, sai mai tsini mai laushi lamba 2 wanda ba za ka taɓa ba sai a rabin awar ƙarshe. Ka sani yawancin masu taurin nan na gargajiya da gashin alade ake yin su. Akwai na nailan masu tauri da ke yin aikin, ka duba rubutun jikinsu ko ka tambayi mai shago.

Abu na ƙarshe da mutane ba sa lura da shi, bakin siffofi. Ba ko'ina ne gwani yake yanke iyaka ba. Dubi gashin Pareja yadda yake narkewa cikin bango, sannan dubi inda kwala ta haɗu da duhun riga yadda ya fito tsaf. Ka yi gashi da bango a zama ɗaya dukkansu suna ɗanye, ka shigar da wannan cikin wancan. Wanda ya gama fuska sannan ya zagaye ta da bango bayan ta bushe, kan zai fito kamar an yanko shi an manna.

Ɗan_Zazzau:

Allah ya ƙara wa Malam da Hajiya lafiya. Wuri ɗaya ne ban bi Malam ba, maganar raba hoto gida-gida. Tana ba da kamanni da wuri, gaskiya ne, amma ido ba ya koyon komai, kuma ranar da mutum mai rai ya zauna a gabanka babu layin da za ka ja a fuskarsa. A ganina a yi ta a kwafin farko kawai, don mutum ya sami damar mai da hankali kan fenti. Daga na biyu a koma awo.

Ga yadda awon yake. Miƙe hannu sosai, gwiwar hannu a miƙe, burushi a tsaye, ido ɗaya a rufe. Ɗauki tazara ɗaya ta zama ma'auninka, misali daga gira zuwa ƙasan hanci, ka riƙe da babban yatsa. Sai ka duba sau nawa ta shiga faɗin fuska, sau nawa ta shiga tsayin kai. In gwiwar hannu ta lanƙwashe ko ka matsa daga inda kake tsaye, awon ya ɓaci, don haka sa alama a ƙasa inda ƙafarka take. Zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa yana nuna maka abin da ke ƙarƙashin abu: ƙuryar ido ta ciki, me ta faɗa wa a hanci, me ta faɗa wa a baki? Awon da ake koyarwa, cewa ido yana tsakiyar kai, hanci yana tsakanin gira da haɓa, na fuskar kowa ne. Amfaninsa ka ga inda wannan mutumin ya saɓa masa, don a saɓanin kamanninsa suke.

Dabara biyu na kama kuskure. Riƙe ƙaramin madubi ka kalli aikinka da takardar tare ta cikinsa, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito nan take. Ko ka kifa su duka biyu, kai a ƙasa. Sannan duk minti goma ka ja da baya mita biyu. Wanda ya zauna hancinsa a jikin allo, gashin ido zai yi ta zanawa alhali muƙamuƙi ya kauce.

Kuma kafin babban kwafin, ka yi ƙanana uku ko huɗu masu girman tafin hannu, minti 30 kowanne, burushi lamba 8 kaɗai, ba ido ba baki, manyan siffofin launi kawai. Abin da suke koyarwa ya fi na mako guda ana gyaran leɓe.

Ɗalibin_Zane:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura tambaya kan kayan haɗi. Man linsid, wanda ake sassauta fenti da shi, da tafentin suna wuyar samu a wasu wurare, shin man gyaɗa da kananzir za su iya tsayawa a madadinsu? Sannan me ke sa wuraren duhu su dushe bayan sun bushe, har in kasa gane launin da zan ɗora? Ga kuma ƙura da ke mannewa.

Baba_Mai_Fenti:

Yaro, man gyaɗa kada ka kusantar da shi. Fentin mai ba bushewa yake yi irin ta ruwa ba, man ne yake shan iska ya daskare ya zama fata. Man linsid yana yin haka, man gyaɗa da manja da man zaitun ba sa yi, aikin zai zauna yana danƙo wata da watanni. In babu linsid, yi aiki da fentin yadda ya fito daga bututu, akwai mai a cikinsa da ma. Kananzir kuma a bar shi a wankin burushi in ya zama dole, a bi da sabulu da ruwa, a bari ya bushe. Ba ya tashi da wuri kuma yana barin maiƙo, don haka ba a zuba shi cikin fenti. Fetur kuwa babu shi a maganar gaba ɗaya, ga wuta ga cutar numfashi. Tafentin ɗin ma a buɗe taga, a rufe kwalba in ba a ɗiba.

Tsarin shafi: na ƙasa mai ƙarancin mai, na sama mai yawan mai. Shafin farko, linsid kashi 1 tafentin kashi 3. Na biyu, ɗaya da ɗaya. Na ƙarshe, linsid 2 tafentin 1, ko fentin zalla. A kowane hali ruwan haɗin kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na fentin. In aka juya tsarin, na sama zai riga na ƙasa daskarewa, na ƙasa yana ci gaba da motsi, sai saman ya tsattsage. In mai ya yi yawa kuma, shafin ya yamutse ya yi ɗorawa. Ka kuma guji farin zinki, lambarsa PW4, a shafin ƙasa, yana da saurin karyewa in ya tsufa.

Launuka ba sa bushewa tare. Omba kwana ɗaya zuwa biyu, oka da siyena 'yan kwanaki, farin taitaniyam da baƙin ƙashi sukan kai mako ko fiye in da kauri. Ko dai ka ɗora a kan ɗanye sosai a zama ɗaya, ko ka jira ya bushe. Tsakanin nan, lokacin da yake danƙo, shi ne mafi muni, burushi zai ɗago na ƙasa. Taɓa gefe da bayan yatsa, in ya kama ka jira.

Dushewar da ka gani, shafin ƙasa ne ya tsotse man na sama, kuma omba ta fi kowa yin haka. Jeso marar kyau ko fentin bango da wasu ke sawa a madadin jeso yana ƙara ta, haka yawan tafentin. Launin yana nan, ƙyallinsa ne ya tafi. Idan wurin ya bushe, haɗa linsid da tafentin ɗaya da ɗaya, shafa kaɗan da tsumma marar gashi a wurin da za ka yi aiki a ranar kawai, jira minti biyu, ka goge har ya kusa ƙarewa. Duhun zai dawo, ka ɗora fenti a kai. Banish na ƙarshe, wato shafin kariya mai ƙyalli da ake rufe aiki da shi, sai bayan wata shida aƙalla.

Ƙura, musamman da hunturu: yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kada a yi shara a ɗakin ranar, ka kashe fanka mai kaɗowa kan allo. In ka tashi, jingina allon fuskarsa na kallon bango, samansa kawai ya taɓa, iska na shiga ta ƙasa. Kada ka kulle shi a akwati ko wuri mai duhu, linsid yana yin ɗorawa a duhu kuma bushewa na jinkiri. Kada kuma ka shanya shi a rana. Ƙurar da ta riga ta hau, in fentin ɗanye ne tsince ta da tsinin wuƙa, in ya bushe goge da tsumma mai ɗan laima.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau: tsumman da ya sha linsid, in aka dunƙule shi aka jefa a kwando, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Baza shi a waje ya bushe, ko ka tsoma shi a gwangwani mai ruwa da murfi.

In kayan mai sun gagara gaba ɗaya, akirilik zai koya maka zane da duhu da haske, sai dai yana ƙara duhu in ya bushe, kuma a busasshiyar iska yana kamewa cikin 'yan mintuna. Shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a faranti, ka ɗora takardar gashin burodi a kai ka haɗa fentin a nan, da kwalbar feshin ruwa a kusa. Narkar da gefe irin wanda Hajiya ta kwatanta zai yi maka wuya da shi.

Malam_Mai_Burushi:

Na karɓi gyaran Ɗan_Zazzau, gida-gida a kwafin farko kawai.

Saura maganar haƙƙi, don wata rana wani zai ga kwafin ya taya. Rubuta a bayan allo cewa kwafi ne daga Velázquez, da sunanka da shekara. Kada ka taɓa kwafar sa hannun mai aiki. A gidan Louvre na birnin Faris, inda har yau ake ba masu zane izinin kafa allo a gaban ayyukan, sharaɗi ne girman kwafin ya bambanta da na asali kuma ba a ɗora sa hannun gwanin. Aikin Velázquez ya zama na kowa, ya rasu tun 1660. Ayyukan zamani ba haka suke ba. A dokar Najeriya haƙƙin zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ben Enwonwu ya rasu a 1994, saboda haka hotonsa na Tutu na 1974, wanda aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, za ka iya nazarinsa a ɗakinka, amma ba ka da ikon kwafa ka sayar.

Ka sa wa kwafin iyaka, zama biyar na awa uku-uku: ɗaya na zane, ɗaya na duhu da haske, biyu na launi, ɗaya na gefe da ƙyalli. In lokacin ya cika ka ajiye ko bai yi yadda kake so ba, ka rubuta abu uku da suka kauce, ka ɗauki sabon allo. Kwafi uku na hoto ɗaya sun fi guda ɗaya da aka yi wata uku ana shafa.

Kuma kada ka daɗe a kwafi. Aina Onabolu, wanda ake kira uban zanen zamani a Najeriya, da kwafar hotunan mujallu da littattafai ya koya wa kansa, amma da zanen mutanen Legas masu rai ya yi suna. Da ka gama Pareja, a makon nan ka zaunar da wani ɗan'uwa kusa da taga ɗaya, sauran tagogi da fitila a rufe, haske ya sauko masa daga gefe da ɗan sama. Ya ɗan juya kamar yadda Pareja ya juya, ka sa masa farar riga don ka sami abin auna haske, ka rataya yadi ruwan toka a bayansa. Launuka shidan nan, tuli huɗun nan, tsari ɗaya. Minti 20 yana zaune, minti 5 yana hutawa, ka sa alli a inda ƙafafun kujera suke don ya koma daidai wurinsa.